Wasa Ba Faɗa Ba Ne

A ganina, 'yan kallo ke gyara ƙwallon kwando, su ne kuma ke ɓata shi. Idan ɗalibai suka taso daga Kebbe zuwa Tambuwal domin wasa, baƙinmu ne, kuma Hausawa sun ce baƙonka annabinka. Mu yi wa namu tafi da kirari, amma ban da jifa da zagin alƙali in an cinye mu.

Malamin da ya ƙago wasan nan a Amurka cikin 1891, James Naismith, ya hana ture da duka cikin dokokinsa 13. Abin da aka hana ɗan wasa, yaya zai halatta ga ɗan kallo? Ranar da aka rotsa kan wani, hukuma za ta soke gasar, kowa ya yi hasara.

Iyaye, ku riƙa zuwa kallo. Ganinku kaɗai tsawa ne.