Toshe Shafukan Batsa: Mun Yarda, Amma A Hannun Wa Makullin Zai Zauna?



Tun a watan Maris na 2025 da Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin Honarabul Dalhatu Tafoki daga jihar Katsina, wanda ya nemi hukumar NCC ta sa kamfanonin sadarwa su toshe shafukan batsa a faɗin Najeriya, maganar nan take ta dawowa a zaurukanmu. Duk wanda ya ce "a dakata mu duba", sai a yi masa caa, a ce yana goyon bayan baɗala. To ni yau zan ce a dakata mu duba, kuma ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Bari na fara da inda babu jayayya. Batsa bala'i ce, kuma ta shigo mana har cikin ɗaki. Kwanakin baya wata ƙanwata ta kira ni tana kuka, ta ce "Yaya, zo ka ga abin da na gani a wayar ɗanka." Yaro ne ɗan shekara goma sha uku, yana zuwa Islamiyya, ba ya fashin sallah. Da na zaunar da shi na tambaye shi, sai ya ce abokinsa ne ya tura masa, shi kuma abokin a wani zauren Telegram ya samo. Wallahi ranar ban iya cin abincin dare ba. Don haka kar wani ya zaci ban san ciwon ba.

Amma ku lura da abin da yaron ya faɗa. Bai buɗe wani shafi ba, turo masa aka yi. Idan NCC ta ba da umarni, abin da MTN da Airtel da Glo za su yi shi ne su hana layinka kaiwa ga adireshin wasu shafuka da aka lissafa. Wannan zai rage wani abu, ban musa ba, musamman yaron da zai faɗa ciki bisa kuskure. Sai dai ba zai taɓa abin da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Telegram ba, ko abin da ake turawa daga waya zuwa waya ta Xender ba tare da data ba, ko wanda wasu marasa tsoron Allah cikin masu tura fina-finai a kasuwa suke loda wa yara a mimori. Shi kansa X, wato tsohon Twitter, a 2024 ya rubuta a ƙa'idojinsa cewa ya yarda a ɗora irin waɗannan abubuwa in an yi musu alama. Sannan ga VPN, wanda 'yan Najeriya suka ƙware a kansa tun 2021. A Birtaniya ma, da dokar tantance shekarun masu shiga irin waɗannan shafuka ta fara aiki a watan Yulin 2025, abin da ya biyo baya nan take shi ne rububin sauke manhajojin VPN.

Ke nan toshewar ita kaɗai ba ta kai girman matsalar ba. Babban abin da ya fi damuna kuma shi ne ikon da za a miƙa da sunanta, domin mun ga yadda irin wannan iko yake ƙarewa a ƙasar nan.

A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Laifukan Intanet. Sashe na 24 na dokar ya haramta aika saƙon batsa, amma a cikin sashen aka cusa wasu kalmomi masu faɗi, irin su saƙon da ya ɓata wa wani rai ko ya zama cin fuska. Me ya biyo baya? Sashen nan ya zama bulalar da gwamnoni da masu riƙe da muƙamai ke dukan 'yan jarida da matasan soshiyal midiya da ita. Sai da kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024, kuma ko bayan gyaran ba a daina kame da sunansa ba. Ku tambayi kanku: labarin mutum nawa kuka ji an gurfanar da wannan sashe saboda dillancin batsa, kuma labarin mutum nawa kuka ji saboda ya soki gwamna? Gwamnatin wata jam'iyya ce ta kafa dokar, gwamnatin wata jam'iyyar ta gaje ta ta yi amfani da ita. Wannan kaɗai ya ishe mu darasi, ko da wace hula muke sawa.

Sannan a watan Yunin 2021, bayan Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, gwamnati ta dakatar da dandalin baki ɗaya. Ba a je kotu ba, ba a je majalisa ba. Sanarwa ce daga ma'aikatar yaɗa labarai, NCC ta isar wa kamfanoni, kafin gari ya waye an rufe. Haka aka zauna wata bakwai, sai ranar 13 ga Janairun 2022 aka buɗe, daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar haramtacciya ce. Hanyar da aka bi aka rufe Twitter ita ce dai hanyar da za a bi a toshe shafukan batsa. Makulli ɗaya ne, ƙofofin ne suka bambanta.

A nan gida Arewa ma ba baƙon abu ba ne. A watan Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok hukuncin bulala ashirin-ashirin da biyan tara da sharar harabar kotu saboda wasan barkwanci da suka yi a kan gwamna mai ci a lokacin. A watan nan dai aka kama wani ɗalibin jami'a a Dutse saboda rubutu guda a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa. Ko ɗaya a cikinsu ba batsa ya ɗora ba. In kuma muka leƙa waje, Uganda ta kafa dokar yaƙi da batsa a 2014, kotun tsarin mulkinta ta soke ta a 2021 saboda ma'anar "batsa" a cikinta ta yi faɗi da yawa, kuma ita dai wannan gwamnati ce ta rufe Facebook ta katse intanet ana gab da zaɓen Janairun 2021. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu da ke wannan shafi ya kamata mu fi kowa fahimtar haka. Ba mu da gidan rediyo, ba mu da talabijin. Ranar da aka yi mana ƙarfa-ƙarfa a zaɓen fid da gwani, ko aka canza sunayen daliget cikin dare, a ina muke kai kuka? A wayar nan. A Facebook muke ɗora takardar sakamako, a WhatsApp muke tura muryar wakilinmu na mazaɓa. Duk wanda aka ba ikon rufe shafi ba tare da ya yi wa kowa bayani ba, wata rana zai iya rufe namu ya ce "kalaman da ba su dace ba" ya gani. Kuma kar mu ruɗi kanmu da cewa namu ne a sama ko namu na nan tafe, domin kujera ba ta da ɗan goyo.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, kana so mu zura ido 'ya'yanmu su lalace saboda siyasa?" A'a. Tsarin mulki ma, da ya ba da 'yancin magana a sashe na 39, ya yarda a sashe na 45 a taƙaita shi don kare tarbiyyar jama'a, amma ta hanyar doka. Ƙudurin majalisa kuwa ba doka ba ne, matsaya ce kawai. To in da gaske ake, a kawo dokar a fili, mu kuma mu matsa wa wakilanmu su tsaya a kan wasu sharuɗɗa.

Na farko, a fayyace abin da ake nufi da batsa da kalmomi masu iyaka, kar a jona masa "cin mutunci" ko "tada zaune tsaye" ko "labaran ƙarya". Na biyu, kar a toshe kowane shafi sai da umarnin alƙali, a wallafa jerin abin da aka toshe kowa ya gani, wanda aka zalunta ya samu inda zai ɗaukaka ƙara. Na uku, a rubuta ƙarara cewa ba za a yi amfani da wannan iko a rufe dandalin sada zumunta ko kafar labarai ba, balle a lokacin zaɓe. Na huɗu, a tilasta wa kamfanonin sadarwa su samar da layi ko data ta yara mai matata a ciki, wadda uba ko uwa za su kunna kyauta. Na biyar, a yi aiki da abin da ke ƙasa tun 2015: sashe na 23 na dokar nan ya haramta hotunan lalata da ƙananan yara, a kamo masu wannan sana'a, a haɗa da masu sakin bidiyon tsiraicin 'yan mata don su tozarta su ko su karɓi kuɗi a hannunsu.

Mu iyaye kuma akwai namu kason da babu hukumar da za ta ɗauke mana. Bayan abin da ya faru a gidan ƙanwata, mun sa Family Link a wayar yaron, mun ce waya ba ta kwana a ɗakin yara, kuma mahaifinsa ya fara zama da shi suna hira ba tare da bulala a hannu ba. Ba a gama ba, amma an ga sauƙi.

Abin da nake roƙo, duk wanda ke da lambar ɗan majalisarsa ko ta hadiminsa, ya tura masa sharuɗɗan nan biyar, ya tambaye shi ina ya tsaya. In ya ba ku amsa, ku kawo mana ita a ƙarƙashin wannan rubutu mu gani. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure ya faɗa da hujja, ba da zagi ba, zan karanta.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kare mu daga zaluncin masu mulki, namu da na wasu. Amin.