Kada Mu Yi Gaggawar Share Kwamfuta

A yawon da muke yi cikin ƙauyuka, sau da yawa sakataren ƙungiyar manoma yakan tarye mu da kuka ɗaya, wai kwamfuta ta kamu da bairos. Da ta yi nauyi, ko ta riƙa mutuwa da kanta, sai a ruga da ita birni wurin mai gyara, shi kuwa ya yi mata fomatin, watau ya share dukan abin da ke ciki. Haka lissafin bashin taki na wata ƙungiya ya salwanta, har yau ana gardama a kan wanda ya biya da wanda bai biya ba.

A ganinmu wannan gaggawa ta fi cutar ɓarna. Kowane manomi ya sani ba duk masarar da ganyenta ya yi rawaya ke da cuta ba, wata yunwar taki ce kawai. Haka ita ma na'ura. In tana mutuwa bayan ta ɗauki zafi, a duba ko ƙurar hunturu ta toshe fankarta, a kuma daina ɗora ta bisa katifa. In ta yi nauyi, wataƙila ma'ajiyarta ce ta cika. In agogonta yana komawa baya, ɗan batirin da ke ciki ne ya ƙare.

Ba mu ce babu bairos ba. Wanda muka fi gamuwa da shi a filashi yake zuwa, daga shagon buga takardu. Sai ka buɗe filashin ka tarar takardunka sun zama gumaka masu 'yar kibiya a gindi. Kada ka danna su, gama dannawar ce ke shigar da shi cikin kwamfuta. Galibi takardun suna nan, ɓoye su ya yi, wanda ya iya zai fito da su. A fara bincika filashin da Microsoft Defender, wanda ke cikin Windows 10 da 11 kyauta. Masu Windows 7 kuwa su sani an daina aiko mata gyaran tsaro tun Janairu 2020.

Roƙonmu ga shugabannin ƙungiyoyi shi ne, kada kwamfuta ta bar ofis sai an kwafe lissafin a wuri biyu, sakatare kuma ya tsaya kusa da mai gyara. Littafin ma'aji na takarda ma a ci gaba da cika shi kowace ranar taro.