Mikin da ya ƙi warkewa ba a sashen kwament ake ba shi magani ba

Kowa ya san irin wannan fostin ɗin. Wani ya ɗauki hoton miki a ƙwaurinsa ko a kumatun ƙanwarsa, ya saka a Facebook, ya rubuta: jama'a wata uku ke nan, don Allah a taimaka da magani. Kafin la'asar likitocin kwament sun hallara. Wannan ya ce a fasa kafso a barbaɗa, wancan ya ce man bilicin ne zai busar da shi, wani kuma, wallahi, ya ce ruwan batir. Sai mai cewa sammu ne, a tuntuɓe shi ta inbos.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne mu daina. Akwai wata cuta da ke kawo irin wannan miki wadda yawancinmu ko sunanta ba mu taɓa ji ba, lishmaniyasis ta fata, kuma babu ɗaya daga cikin waɗancan shawarwari da ke kashe ƙwayarta.

Ba cutar Turawa ba ce, ba kuma sabuwa ba ce. Tun 1911 wani likita Bafaranshe ya rubuta labarinta a yankin Damagaram. A 2007 likitoci a Sakkwato suka wallafa rahoton ɓarkewarta a wata makarantar sakandare ta kwana. A Burkina Faso har laƙabi aka yi mata, ciwon Waga 2000, da sunan unguwar da ta addaba a Wagadugu. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta sabbin masu kamuwa dubu 600 zuwa miliyan ɗaya duk shekara, amma kusan dubu 200 kawai ake kai rahotonsu.

Ɗan ƙwaron da ke yaɗa ta shi ne ƙyashi (ba na hassada ba fa), wanda tsawonsa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, ba ya kuka kamar sauro, kuma daga magariba zuwa asuba yake cizo. A Afirka ta Yamma ƙwayar cutar na zama a jikin ɓerayen daji, shi kuma ƙwaron yana fakewa a ramukansu, da suri, da tsagar katangar ƙasa, da juji. To duk wanda ya san Kunci, wadda yanzu ake kira Ghari, ya san gona na manne da gida, rumbu na tsakar gida, kuma in zafi ya tsananta samari a waje suke shimfiɗa tabarma. Ba cewa muke annoba ta ɓarke a can ba. Cewa muke wanda ya ga irin wannan miki a ƙauyukan Kunci yana da dalilin saka cutar a lissafi.

Takan fara da ɗan ƙurji makonni ko watanni bayan cizon. Sai ya girma ya fashe, bakinsa ya yi tudu, tsakiyarsa ta lotsa, sau da yawa kuma ba ya zafi. Rashin zafin nan ne ke yaudarar mutane.

Yanzu ga maganar magani, inda muka fi so a tsaya. Nau'in ƙwayar da aka fi samu a yankinmu, Leishmania major, yakan warke da kansa cikin wasu watanni, sai dai ya bar tabo. Shi ya sa in mikin ƙarami ne, ɗaya ko biyu, ba a fuska ko kan gaɓa ba, likita na iya cewa a riƙa wankewa ana rufewa kawai, a sa ido. Kada ka ji haushinsa ka ce bai ba ka komai ba. Wannan ma magani ne da ke cikin ƙa'ida.

In ana buƙatar fiye da haka, akan fara da abin da za a yi wa mikin kansa. Akwai allurar sinadarin antimoni, wadda aka sani da Glucantime ko Pentostam, da ake tsirawa a gefen mikin. Akwai daskarar da wurin da ruwan naitirojin, akwai gasa shi da na'ura a zafin digiri 50 na daƙiƙa 30, akwai kuma man shafawa na faromomaisin. Na'ura muka ce, mai awo. Ba wuƙar da aka saka a garwashi ba.

Sai in mikin ya yi yawa, ko ya yi girma, ko yana kusa da ido ko hanci, ko garkuwar jikin mutum ta yi rauni, sannan ake komawa maganin da zai ratsa jiki duka. Allurar antimoni ta kullum na iya kaiwa kwana 20, kuma tana iya taɓa zuciya da hanta da sashen jikin da ke sarrafa sukari, don haka sai da gwaje-gwaje. Ƙwayar miltefosin ta kwana 28 ce, tana sa amai, kuma tana iya nakasa jaririn da ke ciki. Ƴanmata da amare, a riƙe wannan da kyau: ba a sha da juna biyu, kuma sai an hana ɗaukar ciki har watanni bayan gamawa. An kuma gwada fulukonazol na mako shida a Saudiyya ya taimaka, amma ba ko'ina ya yi aiki haka ba. Ka ga dai ba abin da yaron kemis zai ƙirga maka a leda ba ne.

Man bilicin kuwa, yawanci akwai sitiroyid a ciki, wanda ke danne garkuwar fata, ƙwayar ta samu sarari. Kafso ba ya kashe ta, iyakarsa ya taimaka in wasu ƙwayoyin sun shiga mikin ya yi mugunya.

Hoto ma ba ya tabbatar da cutar. Gyambon masu sikila, da na ciwon suga, da tarin fuka na fata, da kansar fata, duk suna iya kama da ita. Gwajin ba wani abin tsoro ba ne: a kankaro kaɗan daga bakin mikin, a rina, a duba a madubin likita. Akwai likitocin fata a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Bela da aka daɗe da sani da cututtukan fata.

Sai dai mu faɗi gaskiya, daga ƙauyen Kunci zuwa cikin Kano kuɗin mota ne da asarar yinin gona, kuma ko an gano cutar, samo allurar wani aiki ne. Nan muke so Ma'aikatar Lafiya ta jihar Kano ta shigo: a koya wa ma'aikatan asibitocin karkara gane mikin da ɗaukar samfuri, a riƙa rubuta adadin waɗanda aka gani, a kuma ajiye Glucantime ko da a asibiti ɗaya ne a shiyyar Kano ta Arewa. Ranar 30 ga Janairu ake tunawa da cututtukan da aka yi watsi da su a duniya, wannan na cikinsu, kuma a ranar za mu so Kwamishinan Lafiya ya faɗa wa jama'a asibitin da za a samu allurar.