Ƙungiyar Masu Kai Baƙi Daji A Yukon Ta Cancanci Yabo

Yankin Yukon, can arewa maso yammacin Kanada, ya ɗara rabin Nijeriya faɗi, amma ƙidayar 2021 ta sami mutanensa ba su wuce 40,000 da 'yan kai ba, galibinsu kuwa a Whitehorse suke, watau babban birnin yankin. Saura duk daji ne da tsaunuka da koguna. A cikin wannan daji waɗansu ke neman abincinsu: suna ɗaukar baƙi a kwalekwale su gangara Kogin Yukon zuwa Dawson, tafiyar da ta haura kilomita 700, in hunturu ya yi kuma su zagaya da su bisa ƙanƙara a keken da karnuka ke ja.

Yawancin masu wannan sana'a ƙanana ne, miji da mata da 'yan ma'aikata kaɗan. Irin waɗannan ba su da ƙarfin yin talla a Jamus ko Japan, ba su kuwa da bakin da Gwamnati za ta saurara. Wannan ya sa suka kafa ƙungiyarsu ta WTAY a 1993. Ita ke haɗa su wuri guda ta tallata su da suna ɗaya, Yukon Wild, ita ke kai kukansu gaban hukuma.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne yadda ƙungiyar ta goyi bayan a ɗaure 'ya'yanta da doka. Ba kasafai ake ganin haka ba, gama ƙungiyoyin 'yan kasuwa sun fi sabawa da neman sassauci. Dokar lasin da ta fara aiki a 1999 ta wajabta wa duk mai kai baƙi daji ya yanki inshora, ja-goransa ya san aikin taimakon gaggawa, ya kwashe shararsa daga zango, ya kuma ba da rahoton tafiye-tafiyensa. Masu sukar dokar suna iya cewa nauyin ya fi danne ƙaramin ɗan kasuwa, kuma lalle inshora ba ta da araha. Amma fa baƙon da kwalekwale ya kife da shi nesa da asibiti ba ya tantance kamfani, sunan Yukon duka yake tafiya da shi gida. Sakacin mutum guda ya isa ya rufe wa kowa kasuwa.

Har ila yau akwai batun dajin kansa, wanda shi ne jarinsu. Kwarin Kogin Peel, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 68,000, masu haƙar ma'adinai sun daɗe da sa masa ido. A 2014 Gwamnatin yankin ta fito da tsarin da ya buɗe mafi yawansa ga haƙa. Ƙabilun asali da ƙungiyoyin kare muhalli ne suka kai ƙara, ba masu kai baƙi ba, amma ƙungiyar tana cikin masu neman a kiyaye kwarin. Kotun Ƙolin Kanada ta rushe tsarin a 2017, sa'an nan sabon tsari na 2019 ya kare kashi 83 cikin 100 na kwarin. Kogunan Wind da Snake da Bonnet Plume, inda ake kai baƙi da ƙaramin jirgin sama, duk a cikin kwarin suke.