Gyaran Gida: Fara da Abin da Ke Kawo Iyalinka Asibiti

Idan ka tsaya a bakin zaure ka dubi tsakar gidanka, ka ga katangar da ta tsage, da kwanon da ke yoyo, da tulin tarkacen da ya shekara uku a lungu, da ciyawar da ta cinye bayan ɗaki, sai gwiwarka ta yi sanyi, ka koma ciki kana cewa sai an samu kuɗi. Na san wannan hali sarai, domin gidan da na tashi a cikinsa ya daɗe yana jiran ranar da za a samu kuɗin nan.

A ganina, yadda muke jera aikin ne ke sa ya gagara. Mukan fara lissafi da abin da baƙo zai gani: fenti, tayil, sabuwar ƙofar ƙarfe. Dukansu sai da birkila da siminti, don haka ba a taɓa komai har damina ta sake zagayowa. Ni da nake wuni a tagar ba da magani, da wani ma'auni nake duban gida. Me ke cikinsa da yake turo mutanensa wurina? Idan ka jera aikin bisa wannan tambaya, za ka tarar mafi gaggawarsa shebur da baro kawai yake bukata.

Fara da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kuma wani ɓangare na sauron nan a gidajenmu muke kiwonsa. Wanda ke yaɗa wannan zazzaɓi yana zuba ƙwai a ruwan da ya kwanta a ƙasa: kwarin da ke ƙarƙashin indararo, ramin da aka haƙa don yin bulo aka bari a buɗe, sawun taya a ƙofar gida. Akwai wani kuma mai ɗigon fari a ƙafafu, mai cizo da rana, wanda ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi. Shi ya fi son tsohuwar taya, da gwangwani, da fasasshen tulu, da duron da ba shi da murfi. Lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 14 ne. Ma'anar wannan lissafi ita ce, zagaye ɗaya a kowane mako ya isa ya katse musu haihuwa a cikin gidanka. Ka cike kwari da ƙasa ko tsakuwa, ka kife abin da za a kife, ka huda taya ko ka rabu da ita, ka rufe randa da duro. Idan za a sauya ruwa, a goge cikin mazubin da soso, saboda ƙwan mai ɗigon farin yana manne wa bango, kuma yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba.

Za ka ce, to ina amfanin wannan alhali kwatar unguwa a toshe take, sauron maƙwabci kuma ba ya neman izini kafin ya tsallako? Gaskiyarka. Shi ya sa ban ce a ajiye gidan sauro ba, ban kuma ce a ƙi maganin rigakafin da ake rabawa yara 'yan ƙasa da shekara 5 a watannin damina ba. Amma wanda ya gyara tasa tsakar gidan shi ke da bakin kiran gayya a yashe kwata.

Sai tarkace. Tsofaffin buhuna da katako da komatsan da aka jibge masauki ne na ɓera, da kunama, wani lokaci har da maciji. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma ya fi tsananta da rani. Kada ka ce sai ka kwashe tulin a rana ɗaya. Nan ne mutane ke samun ciwon baya su daina aikin gaba ɗaya. Ɗauki lungu guda. Yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi, sa takalmi rufaffe da safar hannu, ware abin da 'yan gwangwan za su saya, sauran a kai bola. Kada a ƙona leda a tsakar gida, musamman inda akwai mai asma. Idan ƙusa ta soke ka, wanke wurin da ruwa da sabulu, ka je asibiti ranar a duba batun allurar tetanus, wato cutar sarƙewar haƙora. Mai ciwon sukari kada ya shiga wannan aiki ba takalmi ko da na minti ɗaya ne, mai hawan jini kuma ya yi nasa da sanyin safiya, ya bar wa matasa ɗaukar kaya masu nauyi.

Akwai wani ƙaramin gyara da ba a sa shi a lissafi, ni kuwa shi na fi damuwa da shi: kanta mai tsawo, ko akwati mai kwaɗo. Fiya-fiya, da maganin ɓera, da kananzir da aka ɗura a robar lemo aka ajiye a gindin murhu, su ne ke kawo mana yara cikin dare, iyaye suna kuka. Yaro bai san bambanci ba, robar da ya saba sha a ciki ya gani. Idan hakan ta faru, kada a tilasta masa amai, kada a ɗura masa manja. A ɗauko shi tare da robar. Magungunan gida ma a nan ya kamata su zauna, cikin ɗakin da ya fi sanyi. Yawancinsu an rubuta a kwalinsu cewa kada zafi ya wuce digiri 30, alhali ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu yana haura 40.

Bayan waɗannan ne za ka zo kan abin da ke cin kuɗi, kuma a nan ma akwai na gaba. Murfin rijiya mai nauyi wanda yaro ba zai iya ɗagawa ba. Ragar taga. Yoyon rufi da tsagar katangar ƙasa, tun kafin markar Agusta ta jiƙa ta ta faɗo wa mutane suna barci. Idan silin gidan na tsohon allon asbesto ne, kada a farfasa shi a bushe ana shaƙar ƙurarsa. A jiƙa shi, a sauke shi ɗungurungum, yara suna waje. Fenti da tayil su jira ɗaukar adashe ta gaba.