Janareta Kaɗai Ba Ya Ceton Masana'antar Sinadarai Daga Ambaliya

Duk mai riƙe da wayar zamani ya san cewa idan waya da fawa bank suna aljihu ɗaya suka faɗa ruwa, tare za su mutu. Irin wannan ne ya faru da masana'antar sinadarai ta kamfanin Arkema da ke garin Crosby a jihar Texas ta Amurka, a ƙarshen watan Agustan 2017, lokacin guguwar Harvey.

Masana'antar tana ajiye wasu sinadarai da ake amfani da su wajen haɗa roba, waɗanda dole su zauna cikin sanyi. Da zarar sun ɗumama, da kansu suke kamawa da wuta. Ruwa ya kai kusan mita 2 a harabar. Wutar lantarki ta ɗauke, janaretocin ko-ta-kwana suka nutse. Ma'aikata suka kwashe kayan zuwa tireloli 9 masu na'urar sanyaya, amma ruwan ya cim ma wasu daga cikinsu. Uku suka kama da wuta, sauran 6 kuma aka cinna musu da gangan. An kwashe mazauna sama da 200 daga kewayen kilomita 2.4, mutum 21 suka nemi magani saboda hayaƙi.

Na'urori ba su yi ƙaranci ba, lissafin ne ya gaza. Matakan kariyar suna da yawa, amma abu guda, wato ruwa, ya isa ya kashe su duka. Taswirar ambaliya kuwa ta riga ta nuna cewa wurin yana yankin haɗari.

Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa kowace masana'anta ba "akwai janareta?" ba ce. Tambayar ita ce: a wane tsayi aka ɗora shi, kuma ina ruwa zai kai a shekara mafi muni? Masu kamfanoni za su ce ɗaga na'urori da rumbuna yana cin kuɗi. Gaskiya ne, amma maƙwabta ne ke biyan kuɗin sakaci da huhunsu da ruwan rijiyarsu.

Batun ya shafi Najeriya. Fashewar madatsar Alau a Satumban 2024 ta nuna wa Maiduguri saurin da ruwa ke cin gari, kuma a Kano akwai majemu masu aiki da sinadarai a yankin Challawa, kusa da kogi. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, shafin Flood Hub na Google ma yana nuna hasashen cikar koguna kyauta a waya.

Abin da ya rage shi ne a wajabta wa kowace masana'anta ta gwada shirinta da wannan hasashe kafin damina, ta kuma tanadi saƙon tes na gargaɗi ga maƙwabtanta. Matashin da ke zaune kusa da irin wannan wuri yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka ajiye a bayan katangar.