Ina Mai Kuka da Dillalin Inshora Zai Kai Kukansa?



Duk wanda ya tuna gobarar da ta cinye kasuwar Sabon Gari ta Kano a shekarar 2016 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan dalilin da ke sa ɗan kasuwa ya nemi inshora. Amma akwai wata musiba da ɗacinta ya fi na gobara, ita ce mutum ya biya kuɗi shekara da shekaru ta hannun dillali, zuciyarsa a natse cewa dukiyarsa na da kariya, sai ranar da hasara ta auku kamfani ya ce masa ko dai kuɗin bai iso ba, ko wa'adin takardar ya ƙare, ko kuwa abin da ya same shi na cikin abubuwan da aka togace, alhali ba a taɓa karanta masa togaciyar ba.

Wajibi ne mu fara da sanin matsayin dillali. Ejan ɗan aiken kamfani ne, hajar kamfaninsa yake tallatawa. Shi kuwa dillalin inshora, a ƙa'idar sana'ar, wakilin mai saye ne: shi zai auna bukatarka, ya zaɓa maka kamfanin da ya dace, ya fayyace maka sharuɗɗa, ya tsaya maka ranar neman diyya. Sai dai la'adarsa daga wajen kamfani take fitowa, kuma a nan ne jarrabawar take, domin wanda ke wakiltar wani yana karɓar lada daga hannun wani, in ba tsoron Allah da tsoron hukuma suka riƙe shi ba, zuciyarsa na iya karkata zuwa inda la'ada ta fi tsoka. Malaman fikihu sun daɗe da tabbatar da cewa wakili amintacce ne, ba a ɗora masa lamuni sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Idan kuwa ya yi ɗayan biyun, biya ya hau kansa.

Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da wannan ba. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta wa dillali ya miƙa wa kamfani kuɗin da ya karɓa cikin kwana 30, ta kuma ɗauki kuɗin da aka danƙa wa dillali tamkar an danƙa wa kamfanin ne. A shekarar 2025 an sa hannu kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbinta, amma hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ce har yanzu ke ba dillalai lasisi, ita ke da ikon ƙwace shi.

To, me ya sa wasu daga cikin waɗanda aka cuta ba sa kai ƙara? Wani kunya yake ji, don dillalin ɗan unguwa ne ko suruki. Wani tsoron ɗawainiyar kotu da kuɗin lauya yake yi. Wani kuma sai ya ce ya bar shi da Allah. Haƙuri abu ne mai daraja, yafiya kuma ta fi shi, amma wanda ya yi shiru bisa zaton babu ƙofar da zai buga bai yafe ba, an dai fi ƙarfinsa ne, kuma shirun nasa shi ke share wa maha'inci hanya zuwa aljihun wani bawan Allah.

Ƙofar kuwa tana nan, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Daulolin Musulunci sun san diwanin mazalim, inda talaka ke kai kukan wanda ya fi shi ƙarfi, har Imam Mawardi ya keɓe masa babi a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki. Ƙasar Suwidin ta kafa ofishin karɓar koke-koke a 1809. Nijeriya ta kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a a 1975, zamanin Janar Murtala Muhammad, marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya zama shugabanta na farko. Tana da ofis a kowace jiha, ba ta karɓar ko kwabo, kuma huruminta ya haɗa da kamfanoni masu rajista, ba ma'aikatun gwamnati kaɗai ba.

Sai dai neman haƙƙi yana da ladubba da tartibi. Da farko ka rubuta wa dillalin kansa, ka faɗi abin da ya faru da ranarsa da abin da kake nema, ka riƙe kwafi. In ya yi kunnen uwar shegu, ka kai batun ga majalisar dillalan inshora masu rajista, wato NCRIB, da sashen koke-koke na NAICOM. In nan ma ba ka sami biyan bukata ba, sai Hukumar Koke-koke, wadda dokarta ta sharɗanta cewa ka bi hanyoyin da ke gabanta tukuna, kada maganar ta kasance a gaban kotu, kuma kada ta wuce wata 12 da aukuwa. Hujja kuwa a wuyan mai da'awa take: rasit, takardar inshora, shaidar tura kuɗi ta banki, har saƙonnin waya. Wanda ya miƙa kuɗi hannu da hannu ba tare da rubutu ba ya raunana ƙararsa tun kafin ya shigar da ita. Wannan duka ya shafi mai takaful, wato inshorar Musulunci, kamar yadda ya shafi mai inshorar gama-gari, tunda hukuma ɗaya ce ke kula da su.

Haƙiƙa tsarinmu yana da gurbi da ya kamata a cike. Hukumar Koke-koke bincike take yi ta ba da shawara, ba ta yanke hukuncin da zai ɗaure kowa. A Ingila kuwa, inda kamfanonin inshora suka kafa ofishin sasanci a 1981, daga baya aka haɗe shi cikin babban ofishin koke-koken harkar kuɗi a 2001, ana ba kamfani ko dillali mako 8 ya amsa kuka, mai kuka na da wata 6 bayan amsar ƙarshe ya ɗaukaka ƙara, kuma idan ya amince da hukuncin, ya zama tilas a kan wanda aka yi ƙara. Irin wannan wa'adi bayyananne da hukunci mai haƙori shi muke roƙon 'yan majalisa da NAICOM su tabbatar mana, su kuma yaɗa bayaninsa da harsunan da 'yan kasuwa da direbobi ke ji.

Kafin nan, ka tambayi dillalinka lasisinsa, ka sa ya karanta maka togaciya kafin ka sa hannu, ka tuntuɓi kamfanin da kanka ka tabbatar kuɗinka ya isa. In an ci amanarka, ka rubuta kukanka tun wa'adi bai ƙure ba.